Kwanon Gidan Sanda

Laraba, 9 ga Maris, 1977

Sanda ya zo asibiti dubiya. Na juya fuskata bango na yi kamar barci nake. In ya so ya je ya ba da shaida ya same ni ina barci. Ai ya saba.

Bari in rubuta, tunda ba ni da abin yi sai kallon silin. Ni da Sanda tare muka shiga makarantar Midil, tare muka je kwaleji, tare aka ɗauke mu aiki a Kaduna. Shi ya yi ta hawa, ni na tsaya a inda na tsaya, ban taɓa ƙullatarsa ba. Bara waccan, da soja suka tashi sharar ma'aikata, kwamiti ya kira shi aka tambaye shi ko gaskiya ne Audi yana barci a ofis. Ya ce gaskiya ne. A rediyo na ji sunana cikin waɗanda aka kora, ina tsakiyar cin abincin rana. Wai rashin ƙoshin lafiya. Kowa ya san ƙiba ce take sa ni gyangyaɗi, kowa kuma ya san fayil bai taɓa kwana a teburina ba. Wannan bai faɗa musu ba. In ma ya faɗa, ni ban ji ba.

Makon jiya aka yi mini aiki. Gyambon ciki, har da aman jini. Likitan, wani Ba'indiye mai sanƙo, ya ce ya yanke mafi yawan tumbin, abin da ya rage bai fi kofin shayi ba. Ya ce ƙibar da likitoci suka yi shekaru suna roƙona in rage, yanzu za ta tafi ko ina so ko ba na so. Yana faɗa yana murmushi, kamar kyauta ya yi mini.

Asabar, 12 ga Maris

Sun cire ƙarin ruwa. Nas ta ba ni kunu a cokali, cokali biyu, ta ɗauke kofin. Na ce ta ƙaro. Ta ce, "Baba, jira tukuna mu ga ko zai zauna." Ni Audi, da ake ɗora wa tukunya ta musamman in zan je suna.

Ya zauna. Na ƙoshi kuma. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Alhamis, 17 ga Maris

An sallamo ni. Likita ya zaunar da ni da matata Zuwaira ya yi ta bayani, ni ina fassara mata. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a wuni. Mai taushi. A tauna har ya zama ruwa. Ba yaji, ba sukari, ba maiƙo. Kada a sha ruwa a kan abinci. In an ci a kishingiɗa. Kada a ɗauki abu mai nauyi. Ya ce wata uku, wataƙila shida, kafin cikin ya saba. Ni da na ji shida, uku na fassara mata. Ta dube ni. Shekara talatin da aure, ba ta jin Turanci amma tana jin fuskata.

Da magariba ina kwance na ji ana fita da kwanuka. Ciyayya. Tun da muka tare a Unguwar Sarki haka muke yi a layinmu: bayan sallar magariba kowane magidanci a fito da kwanon gidansa zuwa ƙofar Malam Isa, dattijon layin, a shimfiɗa tabarma, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Mu shida ne. Kwanon mutum shi ne fuskar gidansa. Nawa bai taɓa komawa ciki da saura ba, na kowa ma bai taɓa komawa da saura ba, saboda ina wurin. Yusha'u mai kayan gyaran mota a Kawo kuwa, Rumbu yake ce mini.

Tun ranar da aka kore ni, in aka buɗe kwanon gidan Sanda sai in janye hannu in jira na gaba. Ban daina zuwa ba, don me zan bar masa tabarmar? Ban kuma taɓa cewa komai ba. Kowa ya gani, ba wanda ya yi magana. Sau ɗaya Malam Isa ya fara, na ce masa in ya ci gaba zan tashi.

Na gaya wa Zuwaira ta ci gaba da fitar da kwanona kamar kullum, tuwon masara da miyar kuka da man shanu. Kada a ce gidan Audi ya mutu tun yana numfashi.

Lahadi, 20 ga Maris

Salla a zaune. Na gwada ruku'u, ɗinkin ya ce mini a'a.

Talata, 22 ga Maris

Aishatu matar Sanda ta aiko da romon kaza. Na ce a mayar. Zuwaira ta tsaya da kwanon a hannu ta ce, "Malam, ni zan kalli idon matar nan, ba kai ba." Na ce to ta kalla. Ta fita. Ban san ko ta mayar ba, ko sun shanye a kicin. Ban tambaya ba.

Ƙamshinsa ya daɗe a ɗakin.

Litinin, 28 ga Maris

Cikina ba ya jin yunwa. Idona ke ji, da hancina, da hannuna. Ana soya albasa a maƙwabta sai in ji yatsuna suna motsi. Zuwaira takan kawo mini dafaffen ƙwai rabi da ɗan faten dankali a cikin ƙaramin kwanon da 'yarmu Rahmatu take ci da shi tana yarinya. In na gama ta zo ta ɗauke, an jima ta sake kawowa. Wuni guda aikina ke nan. Ci, kishingiɗa, jira, ci.

Rahmatu ta zo daga Hayin Banki da jinjirinta. Da ta gan ni ta yi dariya ta ce Baba ya zama saurayi, sannan ta shiga ɗakin uwarta ta daɗe. Da ta fito idonta ja.

Yusha'u ma ya leƙo. Daga bakin ƙofa ya fara: "Ina Rumbu? Wa ya kwashe hatsin?" Ya ce tun da na kwanta kwanuka suna komawa da saura, matansu sun ɗauka mazan sun fara cin tsire a waje. Na yi dariya har na riƙe ciki. Sai ya ɓata abin, ya ce Sanda kullum yana tambayata. Ya ce Sanda ya ce kada a matsa mini in fito, in huta sosai.

In huta. Shi ne ya ba ni hutun farko, yanzu yana ƙara mini.

Juma'a, 1 ga Afrilu

Na ce wa Zuwaira gobe zan fita ciyayya. Ta ce ko wata ban cika ba. Na ce zama kawai zan yi. Ta ce, "Kai ne za ka zauna gaban tuwo ka yi zama kawai?" Na daka mata tsawa. Muryar ma ta rage, ba ta ko tsorata ba.

Asabar, 2 ga Afrilu

Zan rubuta yadda abin ya faru, ko da ba zan sake karantawa ba.

Na sa babbar rigata fara, don ta rufe abin da ya zube. Na taka har ƙofar Malam Isa ba sanda, ba mai riƙe ni. Suka yi ta barka da arziki. Sanda ya ce, "Audi, sannu da jiki." Na amsa wa tabarma.

Aka buɗe kwanon Malam Isa, na ɗauki loma ɗaya ƙarama, na tauna yadda aka ce. Kafin in haɗiye an kusa cinye kwanon. Ban taɓa lura da saurin da ake yi a ciyayya ba, saboda ni ne mai saurin. Aka buɗe na Yusha'u, shinkafa da miya ja. Na ɗauka. Aka buɗe nawa. Mutum ba ya zama ya kalli kwanon gidansa kamar baƙo. Na ci. Cikin ya riga ya ce ya isa, na ji sarai.

Sai aka jawo na Sanda, na janye hannu kamar kullum. Nan ne na ga matsalar. Da, in na janye kowa ya san abin da nake nufi, don a kwano na gaba zan ninka. Yanzu in na janye za su ce ciwo ne. Har na ga Malam Isa yana gyaɗa kai, wai na kyauta da na tsaya. Shi ya sa da aka buɗe na bayansa na miƙa hannu na yi loma uku manya, irin na da, ina kallon Sanda. Na kora da fura. Da sukari a ciki.

Ban san tsawon lokacin ba. Zufa ta fara karyo mini, zuciya tana dukan ƙirji kamar za ta fito, fitilar ƙofar ta rabu biyu. Na yunƙura in tashi in tafi gida kafin kowa ya gane. Ban kai ƙarshen tabarmar ba. Na yi amai a rigata. Sauran kuma ba zan rubuta ba, ya fita ta inda ba a faɗa, a gaban mutum biyar.

Da na farfaɗo kaina yana kan cinyar wani, an lulluɓe ni da riga daga ƙugu zuwa ƙasa. Shuɗiyar riga. Sanda yana cikin 'yar shara, yana cewa, "Ku matsa, ku ba shi iska. Yusha'u, juya fitilar can." Ya sa suka juya baya. Shi ya tallabo ni har zaurena.

Ya sake zama shaida.

Lahadi, 3 ga Afrilu

Zuwaira ta wanke rigar Sanda ta goge. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Asibiti. Ɗinki bai taɓu ba, Allah ya kiyaye. Likita ya ce abin da ya same ni yana da suna a littafinsu, abinci ne yake zubawa hanji gaba ɗaya tunda babu inda zai tsaya. Ya ce, kai mai ilimi ne, me ya sa? Na ce masa ba zai gane ba. Ya ce zai gane in na sake dawowa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya juya wajen Zuwaira ya ɗaga mata yatsu shida. Ta gyaɗa kai ba ta dube ni ba.

Litinin, 11 ga Afrilu

Ba na fita ko masallaci. Zafi. Ina jin dariyarsu da magariba, ina lissafa wadda ta shafe ni.

Laraba, 20 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka jiya. Da safe na fita na taka zuwa bakin titi na dawo, kamar yadda aka ce in riƙa yi. 'Yan ofis suna ta tsayar da motocin Kawo, wasu a kan Vespa da fayil ɗaure a baya. Ba wanda ya gaishe ni, ban kuma nema ba.

Zariyar wandona yanzu sai na zagaya ta sau biyu. Fatar hannuna tana reto. Zoben azurfar da ya shekara ashirin bai fita ba, ya faɗi da kansa cikin buta. Zuwaira ta kai kaftanina uku wajen tela a Hayin Banki. Wai ya ɗaga ɗaya ya ce a cikin wannan zai fitar mini da biyu har da hula.

Amma na yi barci jiya ban farka ina haki ba. Rabon da haka ta faru na manta. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 28 ga Afrilu

Malam Isa ya zo da kansa, da sandarsa. Ya ce ba wanda ya tuna abin da ya faru. Ƙarya ce irin ta dattawa. Ya ce in dawo ko ba zan ci ba, wurina yana nan ba wanda yake zama. Na ce zan duba.

Litinin, 2 ga Mayu

Na koma. Na ci ɗan abincina a gida tukuna, na jira ya kwanta, sannan na fita. Zama kawai, wannan karon da gaske. Yusha'u ya buɗe baki zai yi tsiya, Malam Isa ya harare shi, ya rufe.

Aka ci kwano uku ina kallo. Aka jawo na Sanda. Kwanon gidan Sanda shi ne wanda ake jira, kullum da nama zuƙu-zuƙu, Aishatu ba ta wasa da yaji. Aka ɗaga murfi. Tuwon shinkafa ne, an tuƙa shi ya yi laushi kamar kunu, da miyar kuɓewa ɗanya fara sol, ba manja, ba barkono, da kifi an zare ƙayarsa an farfasa shi a ciki.

Yusha'u ya leƙa ya ce, "Alhaji, haihuwa aka yi a gidanka ba a gaya mana ba?" Sanda ya ce haƙori ke damunsa. Ya faɗa yana kallon kwanon. Sannan ya ɗan tura shi, ba sosai ba, ya dai karkato ɓangaren da nake.

Na sa hannuwana a cikin riga.

Talata, 3 ga Mayu

Na tsare Zuwaira. Ba ta musa ba. Ta ce Aishatu ta tambaye ta abin da likita ya ce in ci, ta faɗa mata. Na ce sirrin cikina ta kai gidan Sanda? Ta ce, "Wane sirri kuma ya rage, Malam?" Nan take ta kama bakinta, amma ta riga ta faɗa.

Da ta huce ta ce in bar ta ta fitar da irin abincina a kwanona, sai in ci nawa a gabansu, ba sai na kalli na kowa ba. Na ce ba za a ɗaga murfin kwanon Audi a ga abincin mai jego ba. Ta ce to shi Sanda da aka ɗaga nasa fa? Na ce wannan shi ya so.

Lahadi, 8 ga Mayu

Kullum haka kwanon Sanda yake zuwa. Jiya faten dankali da dakakken nama. Yau kabewa. Yusha'u ya ce in haƙorin nan bai warke ba shi zai kawo filaya daga shago ya cire shi kowa ya huta. Sun fara barin kwanon da saura, abin da bai taɓa faruwa da gidan Sanda ba. Shi kuwa yana zaune yana ci a hankali, loma ƙanana, yana taunawa kamar shi aka yanka. In an buɗe na gaba ma ba ya rufe nasa. Yakan bar shi a buɗe a gefe har a tashi.

Yana jira. Ya yi ta jira.

Juma'a, 13 ga Mayu

Na je masallacin Juma'a. Na yi salla a tsaye, duka.

Alhamis, 19 ga Mayu

Da safe ina tafiyata sai ga Fijo ɗin Sanda ta tsaya a gefena. Na ɗauka zai ce in shiga. Ya kashe motar ya fito, ya jera da ni, da takalmin ofis. Muka yi tafiya har gindin mangwaron nan na kusa da makarantar firamare. Ina haki, ya rage sauri bai nuna ya rage ba.

Abin da na riƙe daga maganarsa kaɗan ne. Ya ce, "Alƙur'ani suka ajiye a gabana, Audi." Na ce na ji. Ya ce tambaya ɗaya suka yi masa, da ya fara ƙara bayani shugaban ya ce ba a tambaye shi wannan ba. Na ce da ka yi shiru. Ya ce shirun ma amsa ce a wurin. Na ce da ka ba su ita.

Bai ce in yafe masa ba. Da ya ce, da na san abin da zan faɗa, na daɗe da shirya shi. Sai cewa ya yi, "Kifin jiya daga Kogin Kaduna ne, da kaina na je bakin gada na zaɓo." Ya duba agogo, ya ce ya makara, ya koma wajen motarsa.

Ya tsufa. Ban lura ba sai da na ga ƙeyarsa.

Asabar, 28 ga Mayu

Na fara gane cikin nan. Yana da alama kafin ya cika, wani ɗan nauyi a ƙasan ƙirji. In na tsaya a nan, lafiya. In na ƙara ko loma ɗaya, zufa. Yanzu ina cinye ƙwai guda. Na ci ayaba rabi ba abin da ya faru. Shayi ba sukari, bayan abinci da jimawa. Zuwaira ta daina tsayawa a kaina tana ƙirga lomata.

Na yi tunani a kan kwanon Sanda. Ba wai na sauko ba ne. Amma in na ci yanzu, me za a ce? Za a ce Audi ba shi da zaɓi, kwano ɗaya ne cikinsa yake karɓa, dole ta kai shi. Shi ma haka zai ɗauka, ya ciyar da mara lafiya, ya samu lada. Ba haka nake so ba. Sai ranar da zan iya cin na kowa, in ci na Malam Isa, in ci na Yusha'u da yajinsa, in ci nawa, sannan in an buɗe nasa in miƙa hannu. Ya san don na ga dama ne. In ma zan yi ke nan.

Laraba, 8 ga Yuni

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka shigar da ciyayya zauren Malam Isa. Wurin ƙarami, aka matsu, na samu kaina kafaɗa da kafaɗa da Sanda. Kwanonsa yana gaban gwiwata. Alala ce yau, mai taushi, tururi yana tashi. Ban ci komai ba tun la'asar, saboda ruwan ya hana ni lura da lokaci.

Hannuna ya fito daga riga. Na gan shi ya gani, ya kawar da kai yana yi wa Yusha'u maganar farashin taya, don kada in ji kunya. Wannan kawar da kan ne ya tsayar da ni. Ya san abin da zan ji tun kafin in ji. Kullum haka yake tun muna makaranta.

Na gyara hulata da hannun, na mayar.

Lahadi, 12 ga Yuni

Na ɗanɗana tuwon masara a gida, loma biyu. Ya zauna.

Juma'a, 17 ga Yuni

Likita ya ɗora ni a sikeli ya yi ta murna kamar shi ya rame. Ya ce jinina ya sauka, in ci gaba yadda nake. Ya ce nan da mako biyu ko uku zan iya fara taɓa abincin gida, kaɗan, da ɗan yaji in na ga ba ya damuna.

Mako biyu ba wani abu ba ne. Na gaya wa Zuwaira ta faɗa wa Aishatu, in ta ga dama, cewa nan da mako biyu haƙorin mijinta zai iya warkewa. Zuwaira ta dube ni ta ce, "Me zai hana yau?" Na ce ba ta san maganar maza ba.

Litinin, 20 ga Yuni

Sanda ya rasu. Yana alwalar asuba a tsakar gida ya faɗi. Kafin a fito da mota ya cika.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, 21 ga Yuni

Jiya da hantsi aka kai shi. Da aka ɗauki makara na kutsa na sa kafaɗa. Yusha'u ya riƙo ni ya ce, "Malam Audi, ɗinkinka." Bai ce Rumbu ba. Na ture hannunsa. Taku kaɗan na yi aka karɓe, ban ma tabbata nauyin ya sauka a kaina ba, dogaye ne a gaba da baya. Shi da ko tumbi bai taɓa ajiyewa ba. Likitoci ba su taɓa yi masa faɗa a kan komai ba. Ni aka yi ta yi wa alƙawarin mutuwa shekara da shekaru.

Ba a yi ciyayya ba. Ba wanda ya ce kada a yi, ba dai wanda ya fito da kwano.

Laraba, 22 ga Yuni

Zaman makoki. Mutanen ma'aikatarmu sun zo mota-mota. Waɗanda na koya wa rubuta takardar ofis suna wuce ni suna miƙa wa na kusa da ni hannu. Jibrin, wanda muka yi shekara tara teburinsa yana kallon nawa, ya zauna a gefena ya yi mini gaisuwar baƙo. An jima ya karkato ya ce, "Malam, don Allah, akwai wani abokin marigayi a layin nan, Audi, wani mai jiki haka. Yana nan da rai kuwa?"

Na ce yana nan.

Ya ce Allah sarki, a gaishe shi. Ya ce marigayi ba ya gama hira bai ambace shi ba. Na ce zai ji.

Zuwaira ta dawo daga cikin gida da magariba. Ta ce Aishatu ta riƙe hannunta ta ce saƙon ya isa, ta gaya masa ranar Asabar, ya yi dariya ya ce to a nemo zakara a ajiye. Zakaran yana nan ɗaure a bayan kicin. Ban san me ya sa Zuwaira ta ga dole sai ta gaya mini wannan ba.

Lahadi, 26 ga Yuni

An koma ciyayya yau, mu biyar. Na ce wa Zuwaira ta zuba irin abincina a kwanon, ta fitar. Ba don komai ba, wahalar tukunya biyu ta yi mata yawa, ga Malam Isa ma haƙoransa sun ƙare. Na ce kuma in ta dafa ta riƙa ɗiba tana kai wa Aishatu har ta fita takaba, tunda gidan ba nisa.

Aka ɗaga murfin, faten dankali fari. Yusha'u ya duba, ya sa hannu. Na ci a hankali. Suka gama sauran kwanukan ina kan lomata ta huɗu, ba wanda ya tashi, suka zauna har na suɗe hannu.

Da na shigo na tsaya gaban madubin Zuwaira. Wuyan nan, da kunnuwan nan da suka fito, na san su. Haka na shiga Midil da akwatin ƙarfe a ka. Zuwaira ma ba ta taɓa ganina haka ba, da ƙibata ta aure ni. Mutum ɗaya ne a duk Kaduna ya san ni da wannan jikin. Ranar Litinin muka binne shi, ban ci tuwonsa ba.